Shingen da ba shi da mai gadi

A watan Oktoba ko farkon Nuwamba na kowace shekara, idan dusar ƙanƙara ta fara sauka a kan tsaunukan Alp na nahiyar Turai, ma'aikatan hanya sukan hau har bayan ƙauye na ƙarshe, su gitta wani dogon ƙarfe a kan kwalta, su datse shi da kwaɗo, su kafa allo mai jan da'ira, sa'an nan su juya gida. Daga wannan rana hanya ta rufu ke nan sai watan Mayu ko Yuni. Haka ake yi wa mashigar Galibier mai tsayin mita 2,642 da ta Iseran mai mita 2,764 a ƙasar Faransa, da ta Stelvio mai mita 2,757 a Italiya, da ta Grand-Saint-Bernard mai mita 2,469 a tsakanin Suwisa da Italiya. Ba a ajiye jandarma a bakin shingen, ba a gina masa rumfar mai gadi. Ƙarfe ne kurum da allo, a wurin da kan wuni ba a ga ɗan Adam ba.

To, a kowane hunturu sai an sami waɗanda za su iso wannan shinge da mota, su tsaya, su duba dama da hagu, su ƙetare. Wani ya ɗaga ƙarfen, wani ya fasa kwaɗon, wani ya bi ta gefe inda ƙasa ta yi faɗi. A cikinsu akwai mai kat-kat da yake son ya gwada ƙarfinta, da mai babur ɗin ƙanƙara da ke neman nishaɗi, da baƙon da na'urar nuna hanya ta ce masa nan ce hanya mafi kusa, da ɗan gari wanda yake ganin ya fi mutanen ofis sanin dutsen kakanninsa. Da yawansu sukan wuce lafiya ko su juyo lafiya, ba wanda ya ji labarinsu. Wasu kuwa sukan maƙale, a fita nemansu cikin dare.

Doka ta riga ta yanke nata hukunci, domin ƙetare irin wannan shinge laifi ne da ake cin tara a kansa. Amma tara ba ta amsa tambayar da ke ƙarƙashin al'amarin. Mutum baligi mai hankali, wanda ya san haɗarin ya kuma yarda da shi, a wurin da ba kowa, shin ya zalunci wani idan ya ɗaga wannan ƙarfe? In kuwa ya zalunta, wa ya zalunta?

Kafin a shiga amsa, ya kamata mai karatu wanda bai taɓa taka dusar ƙanƙara ba ya san abin da ake rufe hanyar dominsa. Dusar ba ta sauka sau ɗaya. Tana zuba yau, ta kwanta, sanyi ya canza ta, wata ta zubo a kanta bayan mako guda, iska ta kwaso ta wani gefe ta jibge a bisa, har ta zama hawa-hawa kamar tabarmi da aka shimfiɗa wata kan wata. Idan wani hawa na ƙasa ya yi rauni, na sama yana zaune ne kurum bisa alfarma, kuma nauyin mutum ɗaya kan isa ya sa gangare guda ya tsage ya zaftaro gaba ɗaya. Daga waje ba a ganin wannan rauni, gangaren da zai kashe da wanda ba zai kashe ba duk fari ne fat. A ranar 10 ga Fabrairu 1970, irin wannan zaftarewa ta afka wa masaukin matasa a Val d'Isère, a gindin hanyar Iseran, ta kashe mutum 39. A watan Fabrairu na 1999 ta kashe mutum 12 a Montroc kusa da Chamonix, da wasu 12 a Evolène ta Suwisa, da 31 a Galtür ta ƙasar Otirish. Waɗannan duka a cikin ƙauyuka ne, a ƙasan kwari. Hanyar mashiga kuwa tana ratsa ainihin gangaren da dusar ke tasowa, tana kai da komo a cikinsa: a fuskar arewa ta Stelvio kaɗai akwai kwana 48.

Ban da wannan, hanyar kanta tana ɓacewa. Dusar kan binne kwalta da gefenta da alamominta, har direba ya kasa bambance inda dutse ya ƙare da inda kwazazzabo ya fara. A wasu wurare hanyar da aka rufe takan koma filin masu wasan zamiya a kan ƙanƙara, waɗanda ke saukowa da gudu ba su tsammanin haɗuwa da mota. A wasu kuma ma'aikata kan tayar da nakiya da gangan don su zaftaro dusar tun ba ta yi yawa ba, bisa tabbacin cewa babu kowa a ƙasa. Wanda dusar ta binne kuwa lokacinsa ƙanƙane ne: mafi yawan waɗanda aka tono a cikin minti 15 sukan rayu, bayan rabin awa kuma mafi yawa sun riga sun shaƙe.

Hujjar mai ƙetare shinge ta farko, kuma mafi ƙarfi, ita ce ransa nasa ne. Wannan magana ba ta wawaye ba ce, tana da asali a cikin tunanin Turawa game da ƴanci. A shekara ta 1859 masanin Ingila John Stuart Mill ya wallafa littafinsa a kan ƴanci, inda ya kafa cewa hukuma ba ta da damar tilasta wa baligi wani abu don amfanin kansa, sai dai don hana shi cutar da wasu. Ƙasashen Alp ma sun karɓi wannan ra'ayi a aikace, domin ba su hana kowa hawan dutsen Mont-Blanc ba, alhali kuwa duk shekara yana cin rayuka. Saboda haka mai kat-kat yana da abin faɗi: in an bar mai igiya ya rataya a jikin dutse don sha'awa, me zai sa a hana mai mota tasa sha'awar?

Inda hujjar take da ɓaraka shi ne zaton da take yi cewa haɗarin zai tsaya a kan mai shi. A ranar 22 ga Disamba 1956 wasu samari biyu, Jean Vincendon ɗan Faransa da François Henry ɗan Baljiyam, suka tasar wa Mont-Blanc cikin tsakiyar hunturu, guguwa ta ritsa da su. Mutanen Chamonix suka yi kwanaki suna hangen su da madubin hangen nesa, ana gardama a kan wa zai hau. Jirgi mai saukar ungulu da aka aika a ranar 31 ga wata ya faɗi kusa da su. Aka kuɓutar da matuƙan jirgin da ƙyar, samarin suka mutu a cikin tarkacensa, sai a watan Maris 1957 aka sauko da gawarsu. Samarin ba su ƙetare shingen kowa ba, amma abin kunyar da ya biyo bayan mutuwarsu shi ya sa a 1958 aka kafa rundunar jandarmomin ceto ta tsaunuka a Chamonix. Tun daga nan ƙasar ta ɗaukar wa kanta alkawari cewa ba za a sake zuba ido mutum yana mutuwa a kan dutse ba. Dokar hukunta laifuka ta Faransa ma ta ɗora wa kowa wannan nauyi, domin wanda ya ƙi taimakon mai cikin haɗari alhali yana iyawa, tana iya ɗaure shi shekara 5.

Wannan alkawari ne ya canza ma'anar ƙetare shinge. Direban da ya maƙale da ƙarfe tara na dare, mai ya kusa ƙarewa, sanyi ya fara cin yatsunsa, zai ɗauko salula ya kira, kuma za a zo. Waɗanda za su zo mutane ne masu mata da ƴaƴa, za su bi gangaren da aka rufe don kada kowa ya bi shi, cikin duhu, sau da yawa cikin yanayin da ya fi wanda direban ya shiga muni. Aikin nasu ko atisaye ne yana da haɗari: a ranar 8 ga Disamba 2020 jirgin ceto ya faɗi a Bonvillard ta lardin Savoie yana cikin horo, mutum 5 suka rasu. Kuma yayin da suke can, wani da bai yi ganganci ba yana iya buƙatarsu a wani kwarin. Ashe ke nan mai ɗaga ƙarfe ya zuba rayukan wasu a cikin cacarsa tun kafin ya tayar da mota, ba tare da ya nemi yardarsu ba. Mai igiya ma yana jingina da masu ceto, gaskiya ne, sai dai shi yana tafiya a inda jama'a suka yarda a tafi, da kayan aiki da horon da aka san su. Mai mota kuwa ya shiga inda jama'a suka ce a dakata, da abin hawan da dusar mai zurfi kan mayar da shi akwatin ƙarfe.

Wani zai ce: to a bar shi ya sa hannu a takarda cewa ya yafe ceto, ko kuma ya biya kuɗin ceton. Batun kuɗi an gwada shi. A Faransa ceton da hukuma ke yi kyauta ne a bisa asali, amma dokar tsaunuka ta 9 ga Janairu 1985 ta ba ƙananan hukumomi damar karɓar kuɗi daga masu wasan zamiya da aka ceta, wata doka ta 2002 ta faɗaɗa damar zuwa sauran wasanni. Kuɗi yana biyan man jirgi da awannin aiki. Idan mai ceto ya mutu, babu takardar biya da za a kai wa iyalinsa ta zama daidai da shi. Batun yafe ceto kuwa ya fi wannan rauni, domin takardar da aka sa wa hannu a ɗaki mai ɗumi ba ta ɗaure bakin mutum idan ya ga mutuwa, ba ta kuma ɗaure zuciyar wanda ya ji kiran. A kan mashigar Grand-Saint-Bernard akwai masauki da wani malamin coci mai suna Bernard ya kafa a ƙarni na 11, kuma kusan shekara dubu ke nan mazaunansa suna fita neman matafiyan da dusar ta rutsa, ba su tambayar kowa dalilin fitowarsa kafin su ɗauke shi. Wanda ya ce a bar shi ya mutu in ya maƙale yana neman maƙwabtansa su zama mutanen da za su iya jin kuka su ci gaba da cin abinci. Ba shi da ikon neman wannan a wurinsu.

Akwai kuma wani wanda ake zalunta wanda mai ƙetarewa ba zai taɓa ganin fuskarsa ba, wato wanda zai zo bayansa. Shinge a rufe, dusa ba sawu a bayanta, magana ce bayyananna ga duk wanda ya iso: nan ne iyaka. Shinge a ɗage, ga sawun taya biyu sun miƙe sun hau, wata magana ce dabam, tana cewa an buɗe, ko kuwa ana wucewa. Baƙon da ya iso da ƙaramar mota da iyalinsa a baya, bai san ƙasar ba, wannan sawun zai karanta. Mai kat-kat bai furta ƙarya da bakinsa ba, amma ya bar shaidar zur a kan hanya, kuma mai rauni ne zai gaskata ta. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Masanin Jamus Immanuel Kant ya kawo ma'auni a 1785 wanda ya dace da wannan wuri, cewa mutum ya tambayi kansa ko zai so abin da yake shirin yi ya zama ƙa'idar kowa. Mai ƙetarewa ba ya son haka ko kaɗan. Daɗin da yake ji ya dogara ne a kan cewa sauran mutane sun tsaya, sun bar masa hanya fayau, sun bar masa masu ceto ba su da aiki. Yana cin moriyar biyayyar wasu, shi kuwa bai zuba tasa ba.

Malaman fiƙihu na mazhabar Malikiyya, wadda ita ake bi a ƙasar Hausa, sun daɗe da sanin wannan babi, suna kiransa toshe kafar ɓarna: abu yana iya zama ba shi da laifi a karan kansa, amma a hana shi don ƙofar da yake buɗewa. Wanda ya taɓa bin hanyar burji da damina a Afirka ta Yamma ya ga misalinsa a bariyar ruwan sama, inda ake tsayar da manyan motoci har ƙasa ta tsane. Direban kamiyo da ya lallaɓa ya wuce kafin lokaci yakan isa kasuwa da wuri, ya ce bai taɓa kowa ba. Amma ramukan da tayoyinsa suka haƙa a jiƙaƙƙiyar ƙasa, su ne motar da za ta ɗauko mai naƙuda za ta faɗa bayan kwana uku. Sanyin Alp da ruwan Agusta ba su yi kama ba, sai dai siffar laifin guda ce: riba a hannun mutum ɗaya nan take, hasara kuma a rarrabe bisa mutanen da ba su nan lokacin da aka yi abin.

Daga cikin waɗanda ba su nan har da dabbobin dawa. Watannin da hanya take rufe su ne kaɗai lokacin da awakin dutse da tsuntsayen tsauni suke hutawa da ƙarar injin, kuma su ne watannin da abinci ya fi yi musu wuya. Akwai wani tsuntsu dangin zabo da kan haƙa rami cikin dusa ya kwanta don ya tsimi ƙarfinsa. Duk lokacin da aka firgita shi ya tashi, ya ƙona kitsen da zai kai shi bazara. Saboda irin wannan ne dokar Faransa ta 3 ga Janairu 1991 ta hana yawo da abin hawa mai injin a dawa, wajen hanyoyin da aka buɗe wa jama'a.

Hujja ta biyu ta fi ta farko wuyar turewa, ita ce ta ɗan gari da ke cewa shingen ya yi kuskure. Wani lokaci kuwa gaskiyarsa ne. Akan sami ranakun da kwalta take a bushe, rana tana haskawa, shinge yana nan a datse don ba a kai ga ranar da aka rubuta a takarda ba, ko don wanda zai sa hannu yana tsoro. Tsoron nasa ma yana da tushe, domin a 2003 kotu ta yanke wa magajin garin Chamonix ɗaurin wata 3 na jeka-ka-gyara-halinka saboda bai kwashe mutanen Montroc ba kafin zaftarewar 1999. Jami'in da ya ga haka ya san in ya buɗe aka mutu shi za a tuhuma, in ya rufe aka yi hasara ba mai kai shi kotu. Hasarar kuwa ta gaske ce: mai masauki ba baƙi, mai aiki a ɗaya kwarin sai ya yi zagaye mai nisa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma makiyayin da ya yi shekara 50 yana kallon gangare ɗaya yana da ilimin da ba a raina shi.

Wannan yana ɗora nauyi a kan mai rufewa, domin shinge amana ce ta fuska biyu. Wajibi ne hukuma ta faɗi dalilinta, ta buɗe da zarar dalilin ya kau, ta kuma samar da mafita inda za ta iya. An yi hakan a wurare da dama: hanyar ƙarƙashin dutse ta Grand-Saint-Bernard da aka buɗe a 1964, da jirgin ƙasa mai ɗaukar motoci a ƙarƙashin Furka tun 1982, da ma'aunin haɗarin zaftarewa mai mataki 5 da ƙasashen Turai suka daidaita a kansa a 1993 don kowa ya san halin da ake ciki. Hukumar da ke barin shinge a rufe don lalaci tana koya wa mutane raina shinge, ranar da haɗarin ya zama na gaske kuma tana da kaso a cikin jinin wanda ya raina.

Duk da haka, kuskuren shinge a wata rana bai mayar da kowane direba alƙalin kansa ba. Dalili kuwa shi ne wanda ya tsaya a gaban ƙarfe yana son wucewa, shi ne mafi ƙarancin cancantar yanke hukunci, domin son ransa ya riga ya zauna a kan ma'aunin. Yana ganin kwana biyu na farko a bushe, ba ya ganin na ashirin da ke cikin inuwa. Abin da ya fi ruɗinsa shi ne nasarorinsa na baya. A ce direbobi biyu sun ƙetare shinge ɗaya a mako ɗaya, na farko ya sauka lafiya yana dariya, na biyu gangare ya zubo masa, aka rasa mai ceto wajen tono shi. Mutane za su zagi na biyu su manta da na farko, alhali abin da suka aikata ɗaya ne, shawara ɗaya suka yanke da ilimi ɗaya, abin da ya raba su kuwa ba ya hannun kowannensu. Wucewa lafiya sau goma tana nuna cewa dutsen bai zubo ba sau goma, ba ta nuna cewa mutumin ya san ranar da zai zubo. Ɗan garin da ya tabbata shingen ya wuce lokacinsa yana da hanyoyin da suka dace da gaskiyarsa: ya je wurin magajin gari, ya tara maƙwabta, ya rubuta wa hukumar lardi, ya nemi a ba mazauna wurin izini na musamman. Ta haka iliminsa zai amfani kowa. In ya ɗaga ƙarfe cikin dare, shi kaɗai ya amfana, ya kuma bar ƙofa a buɗe ga wanda ba shi da ilimin.

Saura hujja ta uku, wadda ita kaɗai ce take iya buɗe shinge da gaskiya, wato larura. Likitan da aka kira wurin mai ciwon zuciya, da uban da ɗansa bai dawo daga dutse ba, ba a auna su da ma'aunin mai neman nishaɗi. Fiƙihu ya yarda larura tana halatta abin da aka hana, da sharaɗin a tsaya gwargwadonta. Dokar Faransa ma ta ɗauke laifi daga wanda ya karya doka don kuɓutar da rai daga haɗarin da ke gabansa, muddin abin da ya yi bai wuce kima ba. Hanyar gane larura daga sha'awa ba ta da wuya: a tambayi mutum me zai rasa in ya juya. Idan amsar ita ce awa biyu, ko hoto mai kyau, ko labarin da zai ba abokai, to sha'awa ce ta ari rigar larura.

Tsaunukan Alp sun ga larura ta gaske a mashigar Échelle mai mita 1,762, tsakanin Bardonecchia ta Italiya da kwarin Névache na Faransa, wadda ita ma ake rufe wa motoci da hunturu. A hunturun 2017 zuwa 2018 samari ƴan Afirka ta Yamma, daga Gine da Kodebuwa da Mali, waɗanda da yawansu suka ratsa Agadas da Libiya da teku, sun riƙa bin wannan rufaffiyar hanya da ƙafa cikin dare, da takalman da ba na ƙanƙara ba. Sanyi ya cinye wa wasu yatsu, wasu kuma ba su kai ba. Mutanen Névache da Briançon suka riƙa fita da fitilu da barguna da shayi mai zafi suna nemansu, wasu aka kai su kotu a kan taimakon baƙin da ba su da takarda. A ranar 6 ga Yuli 2018 majalisar tsarin mulkin Faransa ta yanke cewa ƴan'uwantaka ƙa'ida ce ta tsarin mulki, wadda take kare mai taimakon baƙo don jinƙai, ko da yake ba ta halatta shigo da shi ta iyaka ba. Ana iya yin gardama a kan dokokin shige da fice, amma wanda ya ajiye waɗannan samari kusa da mai kat-kat zai ga tazarar da ke tsakaninsu. Su sun shiga dusar suna tsoronta, don abin da ke bayansu ya fi ta ban tsoro a ganinsu. Shi kuwa ya baro ɗaki mai ɗumi, zai kuma koma cikinsa. Masu ceton da za su hau dominsu su ne za su hau dominsa, ba za su bambanta ba, kuma wannan rashin bambantawa shi ne abin da mai nishaɗi yake ci da zalunci.

Ga amsar tambayar farko ke nan. Mai ƙetare shinge don son rai ya zalunci mai ceton da zai fito dominsa, da baƙon da zai bi sawunsa, da maƙwabcin da ya tsaya alhali shi ma yana sauri, ko da kuwa ya sauka lafiya ba wanda ya sani. Rashin mai gadi bai rage laifin ba. Ƙarfen da ma'aikata biyu suka gitta ba zai iya tare kat-kat ba, su ma sun san haka lokacin da suke datse kwaɗon. Sun bar shi ne bisa zaton cewa wanda zai iso mutum ne da za a iya gaya wa magana ya ji ba sai an tsaya a kansa da sanda ba, kuma ƙasar da wannan zato ya mutu a cikinta sai ta ajiye jandarma a kowace kwana, abin da babu ƙasar da take da kuɗinsa.

A watan Mayu manyan motocin share ƙanƙara sukan fara hawa daga fuska biyu, suna yanka hanya a cikin dusar da a wasu wurare ta ninka tsayin mutum, ana duba gangare, ana gyara abin da duwatsu suka fasa. Aikin yakan ɗauki makonni. Ranar da aka gama, ma'aikacin da ya rufe a kaka shi zai zo da mabuɗi ya ɗaga ƙarfen, motoci da kekuna su yi jerin gwano su hau. Wasu daga cikin waɗanda ke cikin jerin sun taɓa isowa wannan wuri da hunturu, suka karanta allon, suka juya motarsu suka bi doguwar hanya, kuma ba a rubuta sunan ko ɗaya daga cikinsu a jarida ba.